Dutsen Zagami da Hotunan Duniyar Mars

Tun lokacin da wayar hannu mai nuna hoto ta yawaita a ƙasar Batsari da Safana, akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa tsakanin samari da dattawa. Yaro zai miƙo waya ya ce ga hoton duniyar Mars, ko ga zoben da ya kewaye Zuhal, ko ga wani wata mai aman wuta. Dattijo ya duba, ya mayar masa, ya ce wannan ai hamadar Agadas ce aka ɗauka, Turawa ne ke yi muku wasa da hankali. Ana yin wannan musu a teburin mai shayi, ana yinsa ranar kasuwa, har a bakin majami'a bayan an tashi sujada. Mu ma an sha tambayarmu, shin ya kamata mai hankali ya gaskata waɗannan hotuna?

Ba mu ga laifin mai shakka ba. A zamanin da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton mutum a wurin da bai taɓa taka ƙafarsa ba, wanda ya ce sai ya bincika ya yi daidai. Amma fa akwai wata shaida da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba, alhali kuwa a cikin jiharmu ta faɗo, a gonar manomi irinmu.

Abin da ya faɗo a Zagami

In mutum ya bar Safana ya yi kudu, ya wuce ƙasar Ɗanmusa da ta Ƙanƙara, zai shiga ƙasar Faskari. Can ne Zagami take. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, sa'ad da nan duka ake kira Lardin Katsina, wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji wata irin ƙara kamar aradu, iska mai ƙarfi ta buge shi, sa'an nan wani abu ya faɗo tim, bai fi ƙafa 10 daga inda yake tsaye ba. Abin ya nutse cikin ƙasa wajen ƙafa 2. Da aka tono, sai aka ga dutse ne guda ɗaya, bayansa baƙi kamar an babbake, cikinsa kuwa ruwan toka. Nauyinsa kilo 18, watau bai kai jarka mai lita 20 cike da ruwa ba. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna.

Kada a haɗa wannan da abin da kakanninmu ke kira gatarin aradu. Shi gatarin aradu aikin hannun mutanen dā ne, dutse ne da suka wasa suka yi sara da shi, ruwan sama kan tono shi a gona. Na Zagami kuwa daga sama ya zo da gaske, a kan idon mai gona.

A waccan shekara babu wanda ya san daga wace sama ya fito. Babu ma wanda ya taɓa ganin fuskar Mars daga kusa. Mars dai ita ce jan tauraron nan da malaman hisabi ke kira Mirrihu, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, faɗinta kusan rabin na tamu. A 1962 ɗan Adam yana rarrafe ne a harkar sararin samaniya. Abin sha'awa, har Kano tana da hannu a wannan rarrafe, domin hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bin sawun kumbo a can, kuma ranar 20 ga Fabrairu na shekarar John Glenn ya ratsa ta saman Kano cikin kewayen duniya sau 3 da ya yi.

Yadda hoto ke zuwa daga nesa

Hotunan farko na Mars daga kusa sun zo ne a watan Yuli na 1965, daga wani kumbo mai suna Mariner 4. Guda 21 ne da ɗan guntu, baƙi da fari, dishi-dishi. Ba takardar hoto kumbon ya aiko ba. Na'urarsa takan raba hoton ƙananan ɗigo-ɗigo, layi 200, kowane layi ɗigo 200, ta ba kowane ɗigo lamba gwargwadon haskensa ko duhunsa, sa'an nan ta aiko lambobin ta rediyo. Saboda nisa da raunin na'urar, hoto ɗaya kan ci fiye da awa 8 kafin ya gama isowa. Ma'aikatan da ke jira sun ƙosa, har suka buga lambobin a takarda suka manna a bango, suka bi su da allin zane mai launi da hannu. Haka aka fara ganin hoton.

Har yau hanyar ke nan, sai dai ta ƙara sauri. Akwai manyan farantan karɓar saƙo masu faɗin mita 70 a Kalifoniya ta Amurka, da kusa da Madrid ta Sifen, da kusa da Kanbera ta Ostareliya. An rarraba su haka ne don duk yadda duniyarmu ta juya, ɗaya yana fuskantar kumbon. Saƙo daga Mars kan ɗauki tsakanin minti 3 zuwa 22 a hanya, bisa ga kusancinta ko nisanta a lokacin.

A 1971 Mariner 9 ya isa, shi ne kumbo na farko da ya shiga kewaya wata duniyar da ba tamu ba. Ya tarar da ita ta lulluɓe da ƙura kaf, irin hazon da kan rufe mu cikin hunturu har a kasa ganin duwatsun bayan gari. Sai da aka yi makonni ana jira. Da ƙurar ta lafa, ya aiko hotuna fiye da 7,000. A cikinsu aka ga dutsen da ake kira Olympus Mons, tsohon dutse mai aman wuta, tsayinsa wajen kilomita 22. Aka ga wani kwazazzabo mai tsawon kilomita 4,000, ya ninka tafiyar Katsina zuwa Ikko fiye da sau uku. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana kuwa shi ne busassun magudanai masu rassa, waɗanda duk wanda ya san koramunmu cikin rani, yashi zalla ba ɗigon ruwa, zai gane su nan da nan. Ruwa ya taɓa gudu a wurin, ya kuma tafi.

Shi wannan kumbo ya ɗauko hotunan watanni biyu na Mars, Fobos da Deimos. Ba su da kyan siffa irin ta watanmu, sun fi kama da dankali. Fobos faɗinsa wajen kilomita 22 ne kawai, yana kewaye Mars sau 3 a yini guda, daga yamma yake fitowa ya faɗi gabas. Da a can muke zaune, da masu duban wata sun sha aiki.

Iskar da ke cikin dutsen

Ranar 20 ga Yuli, 1976, Viking 1 ya sauka a kan ƙasar Mars, ɗan'uwansa Viking 2 ya biyo baya a watan Satumba. Sun ɗauki hoto, amma sun yi wani aikin da ya fi hoto muhimmanci ga labarinmu, wato sun auna iskar wurin. Suka tarar kusan dukanta irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, ba ta rayar da mutum, kuma gaurayenta yana da wata alama tasa wadda ba ta yi daidai da ta iskar duniyarmu ba.

To, a lokacin masana suna da wasu 'yan duwatsu da suka faɗo daga sama waɗanda suka bambanta da saura. Ɗaya ya faɗo a Chassigny ta Faransa a 1815, ɗaya a Shergotty ta Indiya a 1865, ɗaya a Nakhla ta Masar a 1911, ga kuma namu na Zagami. Yawancin duwatsun sama tsofaffi ne tukuf, shekarunsu bisa lissafin masana sun kai miliyan 4,500. Waɗannan kuwa yara ne a kansu. Na Zagami an ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 180, kuma irin dutsen da kan daskare ne bayan aman wuta. Ke nan daga wata babbar duniya mai duwatsun wuta ya fito. Amma wacce?

Amsar ta fito ne daga cikin dutsen kansa. Sa'ad da wani ƙaton dutse ya faɗa wa Mars da ƙarfin da ya isa ya watsa ɓarɓashinta sama, zafin bugun kan narkar da wasu wurare a jikin ɓarɓashin su zama gilashi, gilashin kuma ya kulle 'yar iskar wurin a cikinsa, kamar yadda kumfa kan maƙale cikin ƙanƙara. A 1983 aka auna irin wannan iska a cikin wani dutse da aka tsinto a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, aka ga ta yi daidai da abin da Viking ya auna. A 1995 aka sami wannan alama a cikin dutsen Zagami. Masana sun lissafa cewa ya bar Mars wajen shekara miliyan 3 da suka shige, yana ta yawo yana kewaya rana, kafin ya zo ya faɗa gonar nan ta ƙasar Faskari.

A nan ne muke roƙon mai shakka ya tsaya ya yi tunani. Dutsen ya faɗo a 1962, shekara 14 kafin Viking ya sauka. Ba Bature ne ya jefo shi ba, ba kuma a ɗakin ɗaukar hoto aka ƙera shi ba. Kumbon da ya aiko hoton jar ƙasa mai duwatsu shi ne ya aiko awon iskar, awon kuma ya dace da abin da ke kulle cikin dutsen da manomin Katsina ya ga faɗowarsa da idonsa. Shaidu biyu ke nan da ba su san juna ba suka faɗi magana ɗaya. Bugu da ƙari, ba ƙasa ɗaya ce ke ɗauko hotunan ba. Tarayyar Turai ta aika nata kumbon a 2003, na Indiya ya isa a 2014, na Sin da na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka isa a 2021. Wasu daga cikin ƙasashen nan ba sa ga maciji da juna. Da ɗaya ta yi ƙarya, da ɗayar ta fi kowa murnar tona mata asiri.

Ƙwayar da ta koma gida

Ga inda labarin ya fi daɗi. Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, aka harba wani kumbo mai suna Mars Global Surveyor. Wani malamin jami'ar Jihar Arizona, Philip Christensen, wanda ke kula da ɗaya daga cikin na'urorin kumbon, ya sa aka liƙa 'yar ƙwayar dutsen Zagami a jikin na'urar. Kumbon ya isa a watan Satumba na 1997, ya yi ta kewaya Mars yana aiko hotuna har ranar 2 ga Nuwamba, 2006, da aka daina jin ɗuriyarsa. Hotunan da ya aiko sun haura 240,000. Duk tsawon wannan aiki, guntun dutsen da ya taɓa kwana a ƙasar Katsina yana manne a jikinsa.

Shi ne kuma kumbon da ya kashe wata tsohuwar gardama. A watan Yuli na 1976, wani hoto da Viking ya ɗauka daga sama ya nuna abu mai kama da fuskar mutum, da ido da hanci da baki, a wani yanki da ake kira Cydonia. Aka yi shekara 20 ana rubuce-rubuce a kai, wasu na cewa wasu halittu ne suka sassaƙa ta, gwamnati na ɓoyewa. A watan Afrilu na 1998, da kuma 2001, Mars Global Surveyor ya sāke ɗaukar wurin da na'urar da ta fi ta dā gani nesa ba kusa ba. Sai ga shi tudu ne kawai mai zaizayar iska. Inuwa ce da ƙarancin ɗigon tsohon hoton suka haɗu suka zana fuska, kamar yadda kututture kan zama mutum ga mai tafiyar dare.

Saboda haka muke ce wa samari su ma su yi hattara. Hoto na gaskiya yana da sunan kumbon da ya ɗauke shi da ranar da aka ɗauka. In aka turo maka hoton gari ko kabari ko ƙwarangwal a Mars ba suna ba rana, kada ka tura wa wani. A sani kuma launin da ake gani ba kullum ne yake yadda ido zai gan shi ba, domin masana kan ƙara wa launi ƙarfi da gangan don a bambanta irin duwatsu, kuma sukan rubuta haka a ƙarƙashin hoton. Su kansu sukan yi kuskure. Hoton launi na farko da aka fitar daga Viking ya nuna samaniyar Mars shuɗiya kamar tamu, sai daga baya aka gyara awon launin, ta fito ja-ja saboda ƙura. Abin mamaki, faɗuwar rana ce ke yin shuɗi a can.

Zara da sauransu

Ba Mars kaɗai aka ɗauka ba. Zara matar wata da muke gani da almuru, da Gamzaki na asuba, duniya ɗaya ce, ita ce Turawa ke kira Venus. Kumbon Rasha mai suna Venera 9 ya aiko hoton farko daga kan ƙasarta a 1975, Venera 13 ya aiko mai launi a 1982, ya yi minti 127 yana aiki kafin zafin wurin, wajen digiri 460, ya gama da shi. Duk kyan nan da muke gani daga nesa, murhu ne. A arewacin wannan duniya akwai wani dogon kwari da ƙungiyar masana taurari ta duniya ta raɗa wa suna Daura, tana cewa sunan wata gawurtacciyar mafarauciya ce a tarihin Hausawa. Mu dai Daurama muka sani da sarauta, amma ko ba komai sunan yana can.

Voyager 1 ya wuce ta Mushtari a 1979, inda wata ma'aikaciya mai suna Linda Morabito ta lura da hayaƙin dutse mai aman wuta a gefen hoton wani watansa, Io. Cassini ya yi shekara 13 yana kewaya Zuhal, daga 2004 zuwa 2017, ya ɗauko ruwa yana tsartuwa daga tsagar ƙanƙarar wani ƙaramin wata mai suna Enceladus. A 2015 New Horizons ya nuna mana Pluto. Duk cikin wuraren nan ba a sami inda mutum zai cire hula ya shaƙi iska ba, balle ya shuka gero.

Ina dutsen yake?

Wannan ita ce tambayar da ke ci mana rai. Cikin shekarun 1980 wani babban yanki na dutsen Zagami ya shiga hannun Robert Haag, Ba'amurke mai cinikin duwatsun sama. Daga nan aka yi ta yanka shi ƙanana ƙanana, yau yana warwatse a gidajen tarihi da ɗakunan bincike da akwatunan masu kuɗi a ƙasashe da yawa. Ɗalibi a Turai yana iya leƙa shi ta madubin bincike. Ɗan makarantar Batsari ko na Safana, wanda a 'yan shekarun nan rashin tsaron da ke fitowa daga dajin Rugu ya sha katse masa karatu, ko sunansa bai ji ba. A ganinmu, ya cancanci malamin kimiyya na kowace makaranta a jihar nan ya ba shi darasi guda, ko da ba shi da komai sai allo da alli.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, nauyinsa kusan kilo 25, ya fi na Zagami. Ranar 16 ga Yuli, 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a birnin New York kan dalar Amurka miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar, kamfanin kuwa ya ce an bi ƙa'ida.

Ba muna faɗin kuɗin nan ne don wani ya bar gonarsa ya shiga daji neman baƙin dutse ba. Ƙasarmu cike take da baƙaƙen duwatsu da marmara da kashin maƙera, kuma duwatsun Mars da aka sani a duniya duka 'yan ɗaruruwa ne, waɗanda aka ga faɗowarsu da ido kuwa ba su cika yatsun hannu biyu ba, na Zagami yana cikinsu. Amma in Allah ya sa wani ya ga dutse ya faɗo a gabansa, to kada a farfasa shi, kada a wanke shi, kada a niƙa shi a sha da sunan magani. A ɗauke shi da tsumma mai tsabta, a rubuta rana da lokaci da wurin, a ɗauki hotonsa da na ramin, a sanar da mai unguwa da dagaci a gaban shaidu. Sa'an nan a nemi masana, irin na sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kafin a saurari kowane baƙo mai jaka.

Wanda ke son ganin Mars da idonsa ba ya bukatar na'ura. Ja ce, haskenta a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar na sauran taurari. Kusan kowane wata 26 takan matso kusa ta yi haske sosai, ta fito gabas da faɗuwar rana ta kwana a sama. Janairu na 2025 da Fabrairu na 2027 suna cikin irin waɗannan lokatai, dukansu kuwa cikin rani, sa'ad da ba girgije, sai dai in hazo ya hana. Mu da ba mu da fitilun birni mun fi mutanen Kano da Kaduna ganinta sarai.

Shi kuwa Mars Global Surveyor, ko da yake ya yi shiru tun 2006, masana sun lissafa cewa yana nan yana kewayawa, kuma siririyar iskar Mars tana jawo shi ƙasa kaɗan kaɗan. Bisa wannan lissafi, wajen tsakiyar ƙarnin nan zai faɗa, da shi da 'yar ƙwayar dutsen Zagami da ke jikinsa.